Talatar da Ruwa Ya Sauka a Gesheme

Alhamis, bayan la'asar

Bushira ta tafi gida yau da hantsi.

Wani direban motar kasuwa ne ya zo ƙofar lise, makarantarmu ta sakandare, yana tambayar ɗiyar Ma'u ta wajen Gesheme. Ya ce Kabiru, yayan Bushira, shi ya aiko shi: innarsu ta faɗi a gona tun shekaranjiya, an kai ta likita, a gaya wa Bushira in tana tsaye kada ta zauna. Muna tsakiyar darasin fizik anka kira ta. Ni ba wanda ya kira ni, amma na tashi na bi ta, don ɗakinmu ɗaya tun da Mama ta karɓe ta zama gidanmu saboda karatu, kuma makullin akwati yana wuyana.

Akwatin ƙarfe ne na Mama, tsoho. Mu uku ke bitar bak, jarrabawar gama lise, tare: ni Lubabatu, da Bushira, da Naziru ɗan gwaggona. Ni na kafa doka, kowa ya kashe salularsa, wato wayarsa, ya jefa a akwati, ba mai sake ganinta sai Juma'a in an sauko daga masallaci. Ba biki, ba fim, ba zaman shayi, ba kitso mai cin yini. Duk wani abin daɗi a ajiye shi sai an gama bak. Naziru ya laƙa mini Kwamanda saboda haka, na ce ya kira ni abin da ya ga dama in dai zai ci jarrabawa.

Na buɗe akwatin na miƙa mata tata. Ba ta ma kunna ba, ta cusa ta a jaka da kaya kala ɗaya. A tasha ta riƙe mini hannu ta ce, “Luba, ki yi mini addu'a.” Na ce in sha Allahu ba komai, zazzaɓin farkon damina ne. Ban san inda na samo wagga magana ba.

Da na dawo na zauna na yi darasin da tsarinmu ya ce a yi yau. Na gama shi tas, ban gane ko layi ɗaya ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Naziru ya shigo yana murza hannu, wai, “Kwamanda, a saki 'yan fursuna, wa'adinsu ya cika.” Na jefa masa makullin. Ya ce, “To fa, yau kuma wa ya taka ki?” Na ce ya ɗauki tsiyarsa ya ba ni wuri.

Na kira Bushira. Tana shiga, ba a ɗauka ba. Na sake. Na ce wataƙila tana gaban likita.

Bara Bushira ta faɗi bak, da ɗan kaɗan. Ba rashin kai ba ne, wallahi ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ruwan farko ne ya sauka ana dab da jarrabawa, anka kira ta gida shuka. Haka ake yi a can. In ruwa ya sauka ba a tambayar kowa mi yake yi, mai sungumi ya yi gaba yana sara, mai zuba iri ya bi shi yana takewa, a yi maza kafin ƙasa ta bushe. Ta tafi da niyyar ta juyo nan da nan. Anka gama gonarsu anka shiga ta kawu, iri ya ƙone anka sake shuka, ta dawo Dogon Dutsi a gajiye liƙis, abin da ta haddace duk ya zube.

Bana ce damarta ta ƙarshe. Wanda ya maimaita aji ya sake faɗuwa, lise ba ta riƙe shi. Ranar da ta gaya mini haka tana kuka, na dafa kafaɗarta na ce bana ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai ɗauke ta daga gaban tablo, allon da muke bita a kai. Ni na faɗa, da bakina.

Asabar, asuba

An sake yin ruwa. Na gyara shimfiɗarta, ko da yake ba wanda ya kwanta a kai.

Lahadi, bayan azahar

Ta kira. Bushira ce, amma Mama ta nema, ba ni ba.

Ina wanke-wanke Mama ta zo ta zauna kan turmi ta ba ni labari. Inna Ma'u na da rai, alhamdu lillahi. Amma gefen dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce hawan jini ne. Sun maida ita gida, an ce sai jinya da haƙuri.

Mama ta ce, “Abin tausayin, Luba, wai ran Talata da yamma tana magana ras. Har safiyar Laraba tana ta cewa ku kira mini Bushira, ina da magana da ita. Kabiru ya yi ta kira bai samu ba. Shi kuwa dawowarsa ke nan daga cin rani, lambar Bushira kaɗai gare shi, bai da tawa.” Sai ta ƙara, “Wanga akwati naku dai.”

Na ce ai doka ce, kowa ya yarda da ita tun farko, salular a kashe take kamar ta kowa. Na faɗa da ƙarfi, har Mama ta ce, “Ke, da wa kike faɗa?” Na ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita.

Ban tambayi Mama ko Bushira ta ce a gaishe ni ba. Da ta ce, da Mama ta faɗa.

Litinin, bayan la'asar

Mushe Issa, malaminmu na mat, wato lissafi, ya raba takardun gwajin ƙarshe. Na zo ta ɗaya. Bushira ta zo ta biyu, ya ɗaga takardarta yana neman ta da ido, anka ce masa ta tafi gida, ya ba ni in ajiye mata. Naziru da ba ya wuce ƙasan layi ya haura tsakiya, har Mushe ya cire tabarau ya sake duba sunan.

Sai kuma ya tsaida ni gaban aji. Wai a dube ni. Wai ga yarinyar da ta san yau ba ta ƙare duniya, ta iya ce wa ranta dakata. Wai duk mai son ya ci gobe sai ya koyi hana kansa yau, ku je ku tambayi Lubabatu yadda ake yi. Anka tafa. Wata daga baya ta ce, “Kwamanda ikon Allah.”

Da makon jiya ne da kaina ya kumbura bai shiga ƙofa. Yau ina tsaye ina kallon bencinmu, wurinta ba kowa, ji nake kamar in ce Mushe don girman Allah ka bari.  Na yi murmushi na koma na zauna.

Talata, bayan magariba

Na yi ta kewaye-kewaye. Bari in rubuta, ko da yake na san ba zai rage komai ba.

Waccan Talatar, bayan la'asar, hadari ya haɗu ta kudu, wajen Tibiri, baƙi ƙirin. Iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san mi wanga ƙamshi ke nufi. Bushira na tsakar gida gaban tablo tana fama da wani lissafi irin wanda ya kada ita bara, Naziru na gefe yana cika ta da surutu. Na shiga ɗaki ɗauko alli, sai na ji akwati na gurnani. Ƙarfe ne, in salula ta yi rawa a ciki ba ta ɓoyuwa. Ta manta ba ta kashe tata ba, kamar yadda ta saba.

Na buɗe. Yaya Kabiru. Ta tsinke, ta sake shigowa. Yaya Kabiru.

Na leƙa ta taga. Bushira ta kai layin da take maƙalewa kullum, ta tsaya, ta ciji bakin mayafinta, sai na ga hannunta ya ci gaba da rubutu. Ta wuce shi! Ta juyo tana tsalle tana cewa, “Naziru ka gani? Ka gani?” A raina na ce, Kabiru, nemi mai zuba maka iri, bana ba ka samun wagga. Na danna salular har ta mutu. Na maida, na kulle, na fito da alli ina dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da na ji. Na kwana ina ganin na yi mata gata. Ran Laraba yini guda ina kallonta tana karatu ina yaba kaina a ɓoye, ina cewa in an gama bak zan ba ta labari mu sha dariya. A lokacin nan uwarta na kwance tana kiran sunanta.

Wa ya aike ni? Ko ɗagawa na yi na ce Yaya Kabiru lafiya, ai da na ji. Ban ɗaga ba don ina tsoron ya ce shuka in rasa yadda zan ce masa a'a. Na riga na yanke masa abin da zai faɗa tun bai buɗe baki ba.

Laraba, hantsi

Na kira. Ba a ɗauka ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ni da Naziru kaɗai gaban tablo. Yau bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Muna cikin aiki ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Luba, ran nan kin daɗe a ɗaki wajen ɗauko alli.”

Na ce, “Sai mi? Agogo kake riƙe mini?”

Ya ce, “A'a. Na dai ce kin daɗe.”

Na yi masa tatas. Na ce shi da ko sunan darasi bai sani ba sai da na ja shi da ƙarfi, yau shi zai tuhume ni. Na faɗi maganganun da ba su da daɗi. Ya bari na gama, ya goge tablo, ya rubuta lissafi na gaba. Kunya ta kama ni, na shiga na ɗauko salularsa na ce ungo, na soke dokar, kowa ya yi abin da yake so.

Ya ƙi karɓa. Ya ce, “Maida. Ni da ba don akwatin nan ba, da yanzu ina bakin kasuwa ina shan shayi ina gardamar ƙwallo. Karon farko ke nan da na ga tambayar mat ban tsorata ba. Dokar ba ta yi mini komai ba sai alheri.” Sai ya ƙara, “Da dai mun bar su a kunne hannun Mama, in an kira ta ɗaga ta ji ko lafiya. Shi ke nan fa.”

Abu mai sauƙi haka. Wata da watanni ina tsara wane darasi za a yi da asuba, wane da yamma, yaushe za a sha ruwa, amma wanga bai taɓa zo mini ba. Yanzu salulolin na ɗakin Mama a kunne.

Asabar, bayan asuba

Na yanke shawara ba zan gaya mata ba sai an gama bak. In ta ji yanzu ranta zai ɓaci, ba za ta so ta kwana ɗaki ɗaya da ni ba, ba za ta dawo ba. Don ita nake yi.

Asabar, bayan azahar

Don ita nake yi? Na karanta abin da na rubuta da safe, sai na ji muryar nan tawa ta ran Talata. Ita ma don ita na yi.

Litinin, bayan la'asar

An raba kombokasiyo, takardar shiga ɗakin jarrabawa. Bak ran Laraba ta sama. Ɗakin jarrabawarmu ba ɗaya ba ne, ita da Naziru ne tare, ni ina can ƙarshen gini. Na sa hannu na karɓi tata. Hoton da ke jiki tare munka je munka ɗauka, mai hoton na ta cewa ta daina dariya.

Mushe Issa ya tsaida ni a ƙofa. Ya ce, “Ƙawarki fa? Ki gaya mata in ba ta zauna ba, faɗuwa za a rubuta, kuma kin san ba ta da sauran wuri a nan. Yarinyar nan ta shirya. Ko ba ta sake buɗe littafi ba daga yau, za ta ci. Ta zo kawai ta zauna.”

Na ce to, Mushe. Duk hanya ina maimaita maganarsa, ta zo kawai ta zauna.

Laraba, magariba

Na aika mata saƙo cewa takardarta na hannuna. Ta amsa da kalma ɗaya, “Nagode.” Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina neman ko da fushi a ciki ko babu.

Juma'a, bayan la'asar

Mama ce ta kawo mafita. Tana tankaɗe ta ce, “Ni zan je in zauna da Ma'u kwanakin jarrabawar. Na yi jinyar uwata, na san yadda ake juya mutum da yadda ake ba shi kunu. Babanku ya yarda. Ke ki je jibi ki gaya wa Bushira, irin wagga magana ba a yin ta a salula.”

Na ce jibi akwai bitar filo, darasin falsafa. Wallahi haka na ce. Mama ta ajiye rariya ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

Lahadi, bayan magariba

Na je, na dawo.

Mun canza mota a Kore Mairuwa. Daga can duk inda ka duba hatsi ya tsiro, layi-layi, kore shar, mutane na duƙe suna noman farko. Ƙauyensu na bayan Gesheme kaɗan, wani mai kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Kabiru na gona, ban gan shi ba, kuma na gode Allah.

Bushira ta rame. Ta fito da kwano a hannu, ta ce, “Luba, ke ce? Sannu da hanya,” kamar wata baƙuwar da ta zo daga nesa. Ta shigar da ni ɗakin.

Inna Ma'u da na sani mace ce mai murya, in ta zo Dogon Dutsi kawo wa Bushira gero tun daga bakin titi ake jin gaisuwarta. Yau tana kwance kan katifa a ƙasa, an tokare ta da matashi. Na durƙusa na ce, “Inna, ina wuni? Yaya jiki?” Ido ɗaya ya juyo ya same ni. Ta gane ni, na tabbata. Ta ɗaga hannun hagu ta taɓa mini kai kamar yadda take yi da. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na zauna ina kallon Bushira na aiki. Ta ɗago ta, ta jingina ta da ƙirjinta, tana ba ta kunu da ƙaramin cokali, tana goge abin da ya zubo ta gefen baki. Da ta gama ta juya ta ɗaya gefen don kada baya ya yi gyambo. Ta ce haka ake yi safe da rana da dare, kuma Inna ba ta karɓar abinci hannun matar Kabiru, sai nata.

Na ciro takardar na ba ta, na faɗi saƙon Mama da na Mushe Issa, har da takardar gwajinta na kai mata. Ta duba makin, bakinta ya ɗan motsa. Ta ce, “Wanga lissafin ashe ya fito.” Na ce ya fito, kuma ke kaɗai kinka yi shi daidai a ajin.

Ta ninke takardun ta ɗora kan cinya. Can ta ce, “Yaya Kabiru ya ce da farko da ya kira salulata tana shiga. Daga baya anka ce masa a kashe take.”

Na kau da kai.

Ta ce, “Ni kuwa ban taɓa tuna kashe salulata ba, Luba. Kullum sai kin yi mini faɗa a kai.”

Na buɗe baki. Na ce, “Bushira, ni ce—”

Ta ce, “Kada ki faɗa a nan. Tana ji.”

Munka fita bayan ɗaki, gindin wata bedi. Na faɗa mata duka, da hadarin, da allin, da abin da na ce a raina. Ina kuka ina majina kamar yarinya ƙarama. Na so ta zage ni, wallahi na so. Ba ta zage ni ba. Ta ce ta sani tun a mota ran da ta taho, da ta kunna ta ga kiran.

Ta ce, “Na san shuka kinka zata. Ni ma da na ga hadarin ran nan abin da na zata ke nan, har na ji daɗi salular na kulle. Ba wanga ke hana ni barci ba.” Ta tsinki ganye tana murzawa. “Inna ta ce tana da magana da ni. Ba ta gaya wa Yaya ba, ba ta gaya wa kowa ba, ta ce sai na zo. Mi take son gaya mini, Luba? Kullum in ina ba ta kunu sai in ga tana dubana, bakin na motsi. Ko wasiyya ce, ko faɗa za ta yi mini, ko cewa za ta yi in yi zamana in yi karatu kada in taho. Ban sani ba.”

 

Da zan tafi na ce, “Za ki zo?” Ta ce, “Mama ta taho ran Talata, mu gani ko Inna za ta karɓa a hannunta.” Ta raka ni har inda ake samun babur. Ba ta riƙe mini hannu ba, amma ta ce in gaida Naziru, in ce masa kada ya manta da kalkuleta kamar ran gwaji.

Litinin, hantsi

Na wanke mata zanen gado, na saka bik biyu, wato biro, da fensir a jakarta ta makaranta. Naziru ya ce in ta zo shi zai saya mana tsire ran ƙarshe, na ce da kuɗin wa, ya ce Allah zai hore. Yau na yi dariya.

Talata, bayan la'asar

Mama ta tafi da safe. Ta kira yanzu ta ce Inna Ma'u ta sha kunu a hannunta, cokali kaɗan amma ta sha. Bushira ta ce ba ta son ta bar ta daren farko da baƙon hannu, za ta kwana, Kabiru zai kawo ta da babur ɗin maƙwabci da asubar fari. Hanya ba ta da ruwa, za su iso da wuri.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ya Allah ka kawo ta, ni ko mi ya same ni na yarda.

Laraba, bayan azahar

Na tsaya a ƙofar makaranta tun ba kowa, da jakarta a hannu. Duk babur ɗin da ya shawo kwana sai in leƙa ko ita ce. Anka fara kiran suna, na ba Naziru jakar na ce ya ɗora kan teburinta, wataƙila ta shigo ta ɗaya ƙofar. Ya ce, “Je ki, Luba, za ta zo.”

Filo munka fara. Daga ɗakina ba a hango nasu. Na ce wa raina dakata, kamar yadda na saba, kuma ya dakata. Na rubuta har shafi na ƙarshe. Ban san ko in gode wa Allah da wanga hali ba ko in ji tsoronsa.

Da anka fito na ruga. Naziru na tsaye a baranda da jaka biyu a kafaɗa. Ya ce an kira sunanta, an sake kira, mai gadin ɗakin ya ja layi.

Laraba, bayan isha'i

Mama ta dawo da motar yamma. Ta ce zamanta ba shi da sauran amfani.

Ta ce Bushira ta tashi tun kafin kiran salla, ta yi wanka, ta sa hijabi, ta ɗauki takardarta. Kabiru ya tada babur a waje. Ta shiga yin sallama, ta durƙusa ta ce, “Inna, zan tafi jarrabawa, ki sa mini albarka.” Sai Inna Ma'u ta yi wani sauti. Tun da ta kwanta ba ta taɓa yin irinsa ba. Bakin na ta motsi, wuya na kumbura, tana ƙoƙari, tana ƙoƙari. Bushira ta ce, “Mama, za ta faɗa. Wallahi yau za ta faɗa.” Ta zauna ta kai kunnenta bakin uwar.

Mama ta ce mata ki tashi, rana na fitowa, in ta faɗa zan riƙe miki. Ta ce, “A'a Mama, ni ta ce. Ɗan dakata kaɗan.” Kabiru ya shigo ya fita, ya shigo ya fita, daga baya ya kashe babur ɗin. Tana nan duƙe har rana ta shigo ɗakin, har Inna ta gaji barci ya ɗauke ta.

Na ce, “Ta faɗi wani abu?”

Mama ta ce, “Ba ta faɗi komai ba.”

Ta kwance ɗankwalinta ta zauna bakin gado. Ta ce, “Ta ba ni saƙo gare ki. Ta ce gobe mat, ki zauna ki yi bita, kada a yi biyu babu.”

Na ɗauko littafin na buɗe. Ina zaune gabansa har anka kira isha'i.